Ƙafar Ludayi da Shekarun Takarda

Ran nan aka kawo mini wani gola, yaron wata kwaleji da ke kan hanyar Dogon Daji, babban yatsansa na dama ya goce ya lanƙwashe baya kamar ƙugiya. Abokansa biyar suka rako shi. Na zaunar da shi a kan turmi, na tambaye shi wa ya buga ƙwallon, yana cikin ba ni labari na ja yatsan na mayar da shi gurbinsa. Kafin ya gama ihu an gama aiki. Sai ɗaya daga cikin abokan ya ce da sauran, ashe ɗorin ke nan, ja ne kawai da ɗauri, da ya sani da tun a fili ya yi masa. Na ƙyale shi, don baƙona ne. Amma shi da ire-irensa nake yi wa wannan bayani, ku samarin da kuke ganin sana'ar ɗori wasan yara ce.

Sunana Umaru, a Tambuwal aka haife ni, ɗori kuwa gadon gidanmu ne. Karatuna bai wuce allo da aji biyar na firamare ba. Sauran abin da na sani a zauren babana na koye shi. Shekara bakwai na yi ina riƙe masa ƙafar mutane kafin ya bar ni in taɓa ƙashi. Yakan fasa ƙaramin ƙoƙo, ya zuba gutsattsarin a jakar fata, ya ɗaure bakinta, ya miƙo mini ya ce in haɗa shi ta waje. Na yi wata uku ina lalube kafin ƙoƙon farko ya zauna. Da na nuna masa, ya taɓa, ya girgiza jakar ya wargaza, ya ce in sake. Bayan ƙoƙo sai ƙafafun awaki da tumakin da Fulani ke kawowa ranar kasuwa. Akuya ba ta gaya maka inda ke mata ciwo, kuma ba ta yi maka kara in ka matsa mata. Wanda ya ɗora akuya ta taka, ya fara zama maɗori.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba, amma kowanne da ƙa'idarsa. Karan dawa da kaka ake zaɓarsa, miƙaƙƙe wanda tsutsa ba ta shiga ba, a shanya shi a inuwa, don wanda rana ta gasa tsagewa yake yi. A fere shi da wuƙa, a saƙa shi da zare kamar ƙaramin asabari, daidai tsawon gaɓar da za a ɗora. Sai auduga, sai man shanu na shafawa, sai sawayen saƙi na ɗauri, waɗanda yanzu bandeji ya maye gurbinsu. In ka gama ɗauri ka danna farcen yatsan ƙafa. In ya yi fari ya dawo ja nan da nan, ɗaurin ya yi. In ya daɗe bai dawo ba, ko yatsun suka yi sanyi, kwance ka sake, ko da mai ƙafar yana rantsuwa lafiya lau yake ji. Maɗori da yawa sun ruɓar da ƙafar mutane a kan wannan ɗan abin. Ni kuwa, alhamdu lillahi, ba a taɓa yanke gaɓar da ta bi ta hannuna ba.

Akwai kuma lissafin kwana, wanda duk garin ya san gidanmu da shi. In ƙashi ya tsage bai rabu ba, kwana ɗaya a cikin kara ga kowace shekara ta mai ciwon, sa'an nan a ƙara wasu kwanakin daidai da waɗannan, yana takawa amma ba gudu. In karaya ce sosai, a ninka. Babana ya ce ƙashin yaro ɗanyen reshe ne, na babba busasshe, don haka kafin ka tambayi mutum inda ke masa ciwo, tambayi shekarunsa.

Hannun wani ɗan aji biyu shi ya kai ni filin ƙwallo. Ya faɗi a kan gwiwar hannu lokacin motsa jiki, malamin wasanni na kwalejin da ke kusa da mu, Malam Isa, ya ɗauko shi a babur. Da yaron ya warke hannunsa na miƙewa har ƙarshe, Malam Isa ya roƙe ni in riƙa zuwa fili duk ranar wasa. Ba zan faɗi sunan kwalejin ba. Na yi fiye da shekara ashirin ina zama a ƙarshen bencinsu da jakata tsakanin ƙafafuna. A can na koyi karanta faɗuwa. Wanda ya faɗi yana birgima yana kiran uwarsa, fanareti yake nema, ko tashi ba na yi. Wanda ya faɗi ya yi shiru, ya ɗaga hannu ɗaya bai dubi alƙali ba, kafin a busa usur na isa wurinsa. Har 'yan wasan wasu makarantu, in suka ji ciwo, bencinmu suke dubawa.

Gasar kwalejojin yankinmu bayan kaka ake yin ta, kuma tana da dokoki uku da suka shafi aikina. Kowace makaranta ta miƙa sunayen 'yan wasa ashirin da shekarunsu, ba wanda ya haura sha takwas. Wanda ya ji ciwo ana iya soke sunansa a sa wani, amma in aka soke ba ya dawowa. In kuma aka bar sunansa, ba ya shiga fili sai wanda ya yi masa magani, likita ne ko maɗori, ya sa hannu a gaban alƙalin wasa cewa ya warke. Ranar da aka ce hannuna daidai yake da na likita a wannan takarda, na yi kwana uku hulata a karkace.

Su kuwa dokokin da jerin sunayen, ba a ofis ake yanke musu hukunci ba, a teburin Ige mai shayi ne, bakin tasha. Ni da Ige tare muka yi allo. Bai taɓa buga ƙwallo ba, amma kowace safiya yakan jera ƙwayoyin sukari sha ɗaya a kan tebur ya nuna inda ya kamata kowa ya tsaya, wanda ya cire daga wasa kuwa ya jefa shi a kofin wani. Direbobi da teloli da mahauta nan suke taruwa. Wani ya ce golanmu hannunsa rariya ce. Wani ya ce Malam Isa yana sa yaro kaza ne don ubansa na ba shi buhun gero. Kowa da ɗan wasansa, kowa da wanda ya tsana. Mutum ɗaya ne ba a yi masa gardama, shi ne Haruna.

Haruna ɗan Sanyinna ne, mai lamba goma, shi ke tsakiya yana rabon ƙwallo. Ludayi ake kiransa, don kowa sai ya ɗiba masa. Ba shi da gudu, ba ya yawan cin raga, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ga fili ya buɗe. A takarda shekarunsa sha bakwai. 'Yan Kebbe, waɗanda su ne abokan hamayyarmu tun fil'azal, sukan yi masa tsiya daga bakin fili su ce a gaishe da iyali. Ba su da hujja, zato ne kawai. Ni kuwa ba zato nake yi ba. Wuyan hannun Haruna shi ne aikin farko da na yi ni kaɗai bayan rasuwar babana. Daga kan jaki ya faɗo, ubansa Malam Bawa ya kawo shi, na tambaya aka ce shekararsa bakwai. Daga rasuwar babana zuwa wannan gasa shekara sha shida ce. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Bai shiga makaranta da wuri ba ne, noma ya riƙe shi, kuma ba shi kaɗai aka rage wa shekaru a gasar ba. Ban ɗauka abin ya shafe ni ba.

A wasa na biyu wani ɗan baya ya sa masa takalmi a ƙwauri. Ya faɗi ya yi shiru. Na shiga, na bi ƙashin da babban yatsa daga gwiwa zuwa ƙasa, na ji inda ya tsage, kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu, bai rabu ba. Mutane sun zagaye mu, kowa na tambaya. Na miƙe na faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji, cewa tsagewa ce ba karaya ba. Aka yi ta tafi kamar ni na ci ƙwallo. Na kai shi gidana, na ɗora, na ba shi ɗakin da ke jikin zaure.

Washegari teburin Ige ya rabu biyu. Wasan ƙarshe saura kwana talatin da biyar, in mun kai. Wasu suka ce a soke Ludayi a sa wani Nasiru, ɗan aji uku mai gudu kamar barewa, wanda ba a sa sunansa ba tun farko. Wani mahauci ya ce Nasiru in ya karɓi ƙwallo ko uwarsa ba ya ba, gara Ludayi da ƙafa ɗaya. Wani direba ya ce dokar sa hannun nan 'yan Kebbe ne suka ƙirƙiro ta don su karya mu, da can in yaro ya ce zai iya, shiga yake yi. Wani tela ya ce shi ya ga yaron da ya shiga haka, yanzu da sanda yake yawo. Aka ce masa ya koma kan kekensa. Daga ƙarshe Ige ya ɗauki ƙwayar sukari ya yi lissafi a fili: sha bakwai da sha bakwai, talatin da huɗu, ga rarar kwana biyu daga ranar ciwo. Ya mayar da ƙwayar tsakiyar tebur. Malam Isa bai soke sunan Haruna ba. Yaran suka yi ta lallaɓawa ba shi, da ƙyar da jiɓin goshi, har suka kai wasan ƙarshe, kuma da Kebbe.

Ran kwana sha bakwai da hantsi, Malam Isa da Ige suka yi sallama a zaurena. Malam Isa na riƙe da takardar sunaye. Ya ce yau ce ranar kwance kara. Na ce saura shida. Ya dubi Ige, Ige ya dubi ƙofa, ya matso.

"Umaru, ƙa'idar gidanku ba wanda bai san ta ba, har mutanen Kebbe. Akwai direbansu, kullum shina tambaya tasha ko an kwance ma Ludayi. In karan ga ya kai kwana ashirin da uku, ai ka yi shela ke nan kasuwa. Kore mu za a yi daga gasa, a ce kai ka jawo."

Malam Isa ya ce shi ma aikinsa ne a kan layi, don shi ya rubuta takardar. Haruna yana jin mu daga ɗaki. Ya ɗaga labule ya ce, "Baba, wallahi ba ni jin kome. Danna ka gani."

Na danna. Bai motsa ƙafar ba. Amma na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

A nan nake so ku tsaya, ku masu cewa ja ne da ɗauri. Akwai mafita a gabana, kuma na gan ta. Da na ce na sake dubawa na ga abin ya fi tsagewa, karaya ce, sai an ninka kwana. Ba wanda zai iya ƙirga shekarunsa daga nan, asirin makaranta ya rufu, ƙafar yaro ta huta. Abin da zai jawo mini kawai shi ne a ce Umaru ya yi kuskure a fili, gaban mutanen da suka tafa masa. Wannan na kasa haɗiyewa. Ba Ige ya kwance karan ba, ba Malam Isa ba. Ni na ɗauko wuƙa na yanke zare. Na gaya wa kaina yaron ƙaƙƙarfa ne, manomi ne, ƙashinsa zai yi mana kara. Ƙashi kuwa bai san kunya ba.

Ya yi kwana sha bakwai yana takawa a tsakar gidana. Ina kallonsa. In ya san ana dubansa yana tafiya daidai, in ya manta sai ya jingina nauyinsa a hagu. Wannan ma na gani. Ranar wasa muka shiga mota biyu muka tafi Kebbe. Alƙali ya kira ni tsakiyar fili gaban kyaftin biyu, ya tambaye ni ko mai lamba goma ya warke. Na ce ya warke. Na rubuta sunana da boko, na ƙara da ajami a ƙasa don burga. Da lissafin babana, saura kwana goma.

Gaskiya ban taɓa ganin Ludayi ya yi wasa kamar na wannan rana ba. Kafin hutun rabin lokaci ya zura wata ƙwallo tsakanin 'yan baya biyu, ta tsaya gaban ɗan gabanmu kamar an ajiye masa da hannu, ya sa ta a raga. Ige ya cire hularsa ya jefa sama, bai sake ganinta ba. Da aka dawo, minti kaɗan, Haruna ya tare ƙwallo da hagu ya juya a kan dama. Ba kowa kusa da shi. Na ji ƙarar daga benci, kamar an taka busasshen kara. 'Yan kallo suka yi ta yi wa alƙali ihu ya ba da kati, suna neman wanda za a ba. Ni na riga na san wa ya kamata a ba.

Mun ci kofin, ɗaya da nema. An zaga gari da shi a kan mota. Ni a lokacin ina bayan wata motar, ƙafar Haruna a kan cinyata, Malam Isa a gaba, mun nufi Sanyinna.

Malam Bawa yana ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Aka shigar da ɗansa, ya biyo mu zaure, maƙwabta suka taru. Malam Isa ya fara cewa ƙaddara ce, ƙwallo ta gaji haka. Na ce ya dakata. Na gaya wa Malam Bawa, gaban kowa, cewa na kwance wa ɗansa kara kwana shida kafin lokaci, na bar shi ya yi gudu kwana goma kafin lokaci, kuma ina sane da shekarunsa, don ni na ɗora hannunsa yana ɗan bakwai. Na ce in ya ga dama ya kai shi wurin wani maɗori, ba zan ga laifinsa ba. Malam Bawa ya murza igiyar da ke hannunsa.

"Da ka yi shiru, da ƙaddara munka ce," in ji shi. "Tunda ka faɗi, wanda ya kwance shi za shi ɗaure. Amma in ɗana bai bi garma ba bana da baɗi, ni da kai gaban Allah."

Ban taɓa kai mai karaya asibiti ɗaukar hoto ba sai ran nan. Da can ina ganin gazawa ce. Wannan karon na ce sai an ɗauka, don ƙashin ya karye a karkace, kuma ba na son yatsana kaɗai ya yi shaida. Hoton ya nuna abin da na ji, ya kuma nuna ɗan guntun da ban ji ba. Maza uku suka riƙe shi, na ja a hankali har tsinin biyu suka haɗu, na saƙa sabon kara daga ƙasan gwiwa zuwa diddige. Ban taɓa yin ɗorin da ya kai wannan wuya ba, kuma har yau in aka tambaye ni aikin da ya fi kyau a hannuna, shi nake nunawa. Duk bayan kwana uku ina hawa keke zuwa Sanyinna in duba farce, in sassauta ko in ƙara ɗauri. Kwana arba'in da shida a kara, wasu arba'in da shida da sanda, ban rage ko yini ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Maganar da na yi a zauren Malam Bawa ta riga ni isowa Tambuwal. Ba wanda ya kai ƙara, kofin ya zauna inda yake, amma teburin Ige ya sami sabon abin yi. Masu cewa a sa Nasiru suka ce ai sun faɗa. Waɗanda suka ce gara Ludayi da ƙafa ɗaya suka ce su ba su ce a karya shi ba, maɗori ne ya sa hannu. Wasu kuma haushinsu shi ne na tona asirin gari. Ige ya yi wata biyar bai gaishe ni ba. Zaurena ya koma shiru, har kaji suka fara ƙwai a inda masu jinya ke kwana. Karan da na tara da kaka, rabinsa matata ta hura wuta da shi. Na koma gona da tufkar igiya. Wani Bafulatani ne ya fara dawowa, da ɗan maraƙi, don shi ba ruwansa da ƙwallo. Da maraƙin ya taka, sai mutane suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Benci kuwa sai bayan shekara biyu na koma, da sharaɗin ba a nuna mini takardar sunaye. In yaro ya ji ciwo, gidansu nake aikawa a tambayi wadda ta haife shi.

Ranar da Haruna zai ajiye sanda, damina ta kusa, an fara sharar gona. Na isa Sanyinna da safe. Malam Bawa ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya zauna, ya ce ɗansa ya taho daga bakin rumbu zuwa wurinsa. Haruna ya miƙa mini sandar ya taka. Ƙafar ta ɗauke shi, ba ciwo, ba karkata. Amma duk taku kafaɗarsa ta dama na ɗan sunkuyawa. Na zaunar da shi na haɗa diddigensa biyu. Ta dama ta gaza da faɗin yatsa ɗaya da rabi.

Malam Bawa ya tambaya ko zai bi garma. Na ce zai bi, har ya gajiyar da shanun. Ya ce to, alhamdu lillahi, ya tashi ya shiga gida ya bar mu.

Haruna ya dubi ƙafar. Sa'an nan ya ce, "Baba, ƙwallo fa?"

Na ce babu.

Ya gyaɗa kai, ya yi 'yar dariya. "Ka san da ka ce mini haka wancan karon, ranar kwance kara, da har yau ban gaishe ka ba."

Na ce, "Da ka wuce ni ba gaisuwa, Haruna, da ƙafa biyu daidai."